Ɓauren Bayan Sito

Duk wanda ya taɓa aika kaya gida daga Guangzhou ta hannun mutanenmu, da wuya a ce dilarsa ba ta bi ta hannun Maidaji ba. Shi ne mai ɗaurin kaya a wani sito da ke kan hanyar Huangpu, can inda kwantenoni ke jeruwa kafin su hau jirgin ruwa. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, furfura ta fara cin gemunsa. Idan ya gama ɗaure dila yakan dafa ta da tafin hannu, kamar mai sallamar baƙo. Daga nan har Kantin Kwari ba ta kwancewa.

Sunansa na yanka Ibrahim Khalil, amma ba mai kiransa haka sai ma'aikatan filin jirgi. A wani ƙauye arewa da Ɗambatta aka haife shi, kuma ba a ɗaki ba. Mahaifiyarsa tana dawowa daga kai abinci gona naƙuda ta kama ta, ta raɓa gindin wani ɓaure da ke bakin rafi, matan da suke tare suka kewaye ta da zannuwansu. Can ya faɗo duniya, shi ya sa ake ce masa Maidaji. Da ya taso, in ya dami kakarsa da ƙiriniya, sai ta ce ya tafi wajen ɗaya uwar tasa ta bakin rafi. Shi kuwa sai ya tafi ɗin.

Ya yi kiwo, ya yi dako a Kwari, a nan ya koyi ɗauri. Wani Alhaji mai odar yadi ne ya kawo shi China, don bai gamsu da yadda ake ɗaure masa kaya ba. Alhajin ya tsufa ya koma gida, Maidaji ya zauna. Iyalinsa suna Kurna, yakan je musu duk babbar salla.

A wani zuwa da ya yi, ya leƙa ƙauye ya tarar ana fitar da titi. Ɓauren yana kwance, masu faskare a kansa. Ya tsaya a gefe har suka tafi cin abinci. Bayan ya dawo Guangzhou sai aka ga wani ɗan reshe a cikin tsohon bokitin fenti a bayan sito. Yadda reshen ya ƙetare filayen jirgi, Maidaji bai taɓa faɗa ba, mu ma ba mu tambaya ba. An dai lura a wannan dawowar ya sauka da babbar riga, ga shi lokacin zafi ne, kuma bai yarda kowa ya rungume shi ba.

Ƙasar nan ba ta rowar ruwa. Reshen ya kama, ya fasa bokitin, aka mai da shi ƙasa a jikin katanga. A hankali ya wuce katangar, ya yi inuwar da ke ɗaukar tabarma biyu. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, mutanenmu na unguwar Huanshi Lu sukan tsallako su sha shayi a gindinsa, kowa ya miƙe ƙafa yana faɗin sunan rafin garinsu.

Shekarar da ya fara 'ya'ya, Maidaji ya dafa shinkafa da wake ya raba. 'Ya'yan suka fito cunkus a jikin kututture da manyan rassa, yadda ɓaure ke yi. Aka zuba ido. Suka tsaya kore shar, da tauri kamar tsakuwa, sannan suka fara zubowa. Zagaye na gaba ma haka, na bayansa ma haka. Ba abin da Maidaji bai gwada ba. Ya sa kashin kaji, ya sa toka, ya buga ƙusa a gindin yadda ake yi wa mangwaron da ya ƙi haihuwa, ya yi tofi. Abokin aikinsa Sumani, ɗan zangon Kumasi mai loda kwantena, ya ce itacen kewar gida yake yi, a kunna masa rediyon Kano ko zai saki jiki.

Mai siton wani dattijo ne, Liang, muna ce masa lawban, wato maigida da bakinsu. Kafin birni ya haɗiye gonarsu, manomin lici ne, wani ɗan itace mai jan ɓawo da suke ji da shi a nan. Wata safiya ya zagayo bayan sito, ƙafarsa ta hau kan 'ya'yan ɓauren da suka zube, sai ga lawban zaune a ƙasa a gaban ma'aikatansa. Bai ji ciwo ba. Amma wani ya yi dariya, kuma ya ji. Dama ya daɗe yana son kafa rumfar cajin kekunan kaya a wurin. A ranar ya ce da an gama bikin wata na Sinawa, magina za su zo, itacen zai tafi.

Maidaji ya bi shi har bakin mota da Sinancinsa na kasuwa, rabi da baki rabi da hannu. Ya nuna masa inuwar.

"Inuwa?" in ji Liang. "Garin nan cike yake da itatuwan inuwa. Ni itacen da ke ba da abin ci ba na sa masa gatari, ubana bai koya mini haka ba. Naka fa? Meyo!" Wato babu. Ya karkaɗe wandonsa. "Ka ba ni ɗaya in ci. In ya ciwu, na bar maka shi."

Maidaji ya koma bakin aiki. Ɗaurinsa bai canza ba, amma ya daina dafa dila.

Ana cikin haka Mama Rifkatu ta sauka. 'Yar Wusasa ce ta Zariya, tana zuwa kasuwar tufafi ta Baima ta sari ankon zumuntar mata da rigunan mawaƙan coci, ta kai Kaduna. Ta daɗe ba ta yarda kowa ya ɗaure mata kaya sai Maidaji, kuma tun daga bakin ƙofa ake jin isowarta, don ba ta taɓa yafe wasan Zagezagi da Kanawa ba.

"Ina bawan nan nawa? Bakano, fito ka karɓi kayan uwar ɗakinka!"

Da can sai ya ce, "Ikon Allah, yanzu har Zagezagi ake bai wa fasfo?" Ran nan sai ya ce, "Sannu da zuwa, Mama," ya ɗauki buhu.

Ta dube shi, ta dubi Sumani. Sumani ya yi mata nuni da baki zuwa bayan sito. Ba ta taɓa zagayawa can ba. Ta je, ta tsaya, ta sunkuya ta ɗauki ɗaya daga ƙasa ta murza.

"Ɓaure? A ƙasar nan? Kai Bakano, har itace kuke fatauci?"

Ya ba ta labari a taƙaice. Ta jujjuya ɗan koren abin a hannu, sai kuma ta yi wata 'yar dariya, ta zauna a kan tabarma.

"Yau ina ma Baba yana da rai," in ji ta.

Mahaifinta malami ne a wata makarantar horar da fastoci, kuma da girmansa ya koyi Ibrananci, harshen da aka rubuta littattafan annabawan Bani Isra'ila da shi. Ta ce akwai wata kalma guda da ta hana shi sakat har ya bar duniya.

"Ka san kalma in tana fitowa nan da can, kana gane ta daga waɗanda take zama da su. To wannan sau ɗaya tak ta fito a duk littattafan. Baba yakan ce baƙuwa ce da ba ta da mai masauki. Wani annabi ne aka tsare shi da magana, sai ya nuna musu shi ba kowa ba ne, makiyayi ne, kuma yana yi wa ɓaure wani aiki. Sunan mai aikin nan shi ne boles."

"Annabi mai kiwo," in ji Maidaji a hankali. "Ai kusan duk sun yi kiwo. Wane aiki ne?"

"Nan fa ake yin ta. Wasu suka ce mai tsinka ne, wasu suka ce mai kula ne kawai. Amma mutanen farko da suka juya littafin zuwa Helenanci, harshen Girkawa, su cewa suka yi mai karcewa. Sai Baba ya ce, wane mara aikin yi ne zai karce ɓaure? Namu na bayan coci yana nuna da kansa har jemagu su ƙoshi su bar saura. Ya sha fita da reza ya tsaya a gindinsa, Inna tana ƙwala masa kira tuwo zai huce. Ya karce nan, ya karce can. Wanda ya karce ya nuna, wanda bai karce ba ma ya nuna. Ya rasa gane komai."

Sumani ya ciro waya ya rubuta kalmar, wayar ta ɗauka Turanci ne, ta kawo masa tallar kwanuka a kan sari. Ya mai da ita aljihu.

Maganar ta zauna wa Maidaji. Shi a saninsa, wuƙa ba ta taɓa itace mai rai sai don sassaƙe, yadda masu magani ke yi, a ɗiba ta gabas a ɗiba ta yamma. Washegari da hantsi ya yi bisimilla, ya bai wa itacen haƙuri a hankali yadda ba wanda zai ji, ya ja masa tsaga a ɓawo ta gabas da ta yamma. Farin ruwa kamar madara ya biyo kututturen. Aka jira. Tururuwa ta zo ta yi biki, 'ya'yan suka ci gaba da zuba.

"To madalla," in ji Sumani. "An yi masa tsagar gado. Yanzu ya zama cikakken Bakano, saura hula."

Kantuna suka fara jera wainar bikin wata a jajayen kwalaye. Wata rana mota ta sauke rodi da kwanon rufi, aka jingine su a jikin katanga, dab da tabarmar shayi.

Al'adar Maidaji ce, in tsohon abokin hulɗa zai koma gida, ya kai shi cin abinci. Saboda haka ana gobe Mama Rifkatu za ta tashi, ya ɗauke ta da Sumani zuwa gidan abincin wani Balaraben ƙasar Yaman mai suna Hizam, a wani lungu bayan Huanshi Lu. Aka kawo shinkafa da naman rago a faranti ɗaya. Hira ta zagaya ta koma kan itace.

"Ni abin da na sani," in ji Maidaji, "a Larabcin allo, ɓaure tin ne. Ban taɓa jin wani boles ba."

"Baba yakan ce Ibrananci da Larabci 'yan ɗaki ɗaya ne," in ji ta. "Ga Balarabe a tsaye yana kallonmu, ba sai mu tambaye shi ba? A Wusasa ina Baba zai samu Balarabe?"

Aka kira Hizam. Ya zo yana goge hannu, ya saurara, ya sa ta maimaita.

"Tin na littafi ne," in ji shi. "Amma mu a duwatsunmu balas muke cewa." Ya juya ya ƙwala wa wata ma'aikaciyarsa 'yar Habasha kira, ya tambaye ta. Ta ce su ma a can balas ne. Ya shiga ciki ya fito da busassu a ɗan faranti, irin na ƙasarsu, ya ajiye.

Mama Rifkatu ta ɗauki ɗaya. "Tsaya, Alhaji. Balas ɗin, itacen ne ko wannan?"

"Abin da ake ci mana, Hajiya. Wa ke cin itace?"

Ba ta gyara masa Hajiyar ba. Ta ajiye ɓauren a tsakiyar tafin hannunta tana kallo.

"Ashe daga sunan ɗan aka ciro sunan aikin," in ji ta. "Ashe baƙuwar Baba tana da dangi, suna nan suna sayar da shinkafa a China."

Maidaji ya ajiye cokali. "Wato uwar na yi wa tsaga a banza. 'Ya'yan ne ke so."

Ya miƙe. Sumani ya ce, "Malam, naman fa?" Ya ce ya cinye. Wannan ne karo na farko da aka ga Maidaji ya bar baƙo a kan abinci, sai dai baƙuwar ma ta riga shi kaiwa bakin ƙofa.

Sun isa sito da la'asar sakaliya. Ya ɗauko rezar da yake yanka salatif da ita, ya wanke, ya kafa tsani. Mama Rifkatu tana ƙasa tana ba da umarni.

"Kada ka yi duka. Yi ɓangaren katanga, ka bar na wajen ƙofa yadda yake, don mu san gaskiyar abin. Kuma ka haɗa da ƙanana da manya, tunda ba mu san wanda ake nufi ba."

"Zazzau ta fara mulki ke nan."

"Dama can. Yi aikinka."

Mutumin da ke yanka igiyar dila ido a rufe, ran nan a hankali ya bi. Ya kama ɗan ɓaure da yatsa biyu, ya ja masa 'yar tsaga kusa da baki, ba mai zurfi ba, farin ruwan ya tsattsafo. Ya kama na gaba. Kafin magariba yatsunsa sun manne da juna, sai da aka sa kananzir.

Da safe Mama Rifkatu ba ta tafi filin jirgi ba. Ta ɗaga tafiyar, ta ce matan zumunta sun yi haƙuri da tsohon anko shekara guda, sa ƙara kwana kaɗan. Kullum da hantsi takan zo ta zauna a tabarma da ɗinkin hularta na ulu, ta ɗaga kai, ta sunkuyar.

Manyan da aka tsaga ba su yi komai ba, suka zube abinsu. Ƙananan ne. Da farko Maidaji ya ɗauka idonsa ne ke ba shi abin da yake so. Sai Sumani ya zo wucewa da baro, ya tsaya, ya saki baron.

"Kai! Malam, wa ya hura su?"

Cikin 'yan kwanakin nan sun tashi daga girman gyaɗa sun kai ƙwan zabo. Koren ya juya ja-ja, irin jan sabuwar tukunyar ƙasa, bakin tsagar ya yi baƙi kamar an sa masa kwalli. Ga wani ƙamshi da duk wanda ya yi wasa a bakin rafi ya san shi. Na ɓangaren ƙofa kuwa suna nan kore, da taurinsu.

Maidaji ya tsinko ɗaya, ya ɓare shi biyu, ya kai baki ya hura, yadda muke yi tun muna yara don ƙananan ƙwarin da ke ciki su tashi. Ba abin da ya tashi. Ya duba da kyau. Cikin fes, ba ƙwaro ko ɗaya.

"Ina suka shiga?"

"Ba a ba su biza ba," in ji Sumani.

An yi dariya, amma ashe gaskiya ya faɗa. Masu ilimin gona sun ce ƙwarin nan da muke hurewa su ne ke sa ɓauren gida ya nuna. Inda babu su, sai hannun mutum ya tsaya a madadinsu. A Wusasa suna nan birjik, shi ya sa rezar marigayi ba ta nuna masa komai ba.

Mama Rifkatu ta karɓi rabin, ba ta ci nan da nan ba. Ta koma can ƙarshen tabarma ta ba mu baya. Muka shiga maganar jirgin da zai tashi zuwa Legas har ta gama.

Aka aika a kira lawban. Ya zo da hannu a baya, yana kallon inda zai taka. Maidaji ya miƙa masa uku a kan murfin kwali, da hannu biyu. Liang ya ɗauki ɗaya, ya jujjuya, ya kai ga baƙin tabon ya tsaya. Ya ɗaga kai ya dubi ɓangaren katanga, ya dubi na ƙofa. Sannan idonsa ya sauka kan tsagar da ke jikin kututture, ya fashe da dariya. Ya ce su ma in lici ya yi lalaci sukan zagaye ɓawonsa da wuƙa, ashe baƙon itace da tasa al'adar ya zo.

"Wa ya koya maka?"

Maidaji ya nuna Mama Rifkatu. Ita kuwa ta ce a faɗa masa ba ita ba ce, wani makiyayi ne na zamanin da can can. Liang ya gyaɗa kai kamar ya san mutumin.

Ya sa a baki. Ya tauna a hankali, yana kallon sama. Baro ya tsaya, masu lodi suka leƙo ta ƙofar baya. Ya haɗiye, ya tsotsi haƙori.

"Bai kai lici ba," in ji shi.

Maidaji yana riƙe da murfin kwalin, bai sauke ba.

Liang ya miƙa hannu ya ɗauki na biyu. Na ukun ya naɗe a hankici ya sa a aljihu, ya ce na tsohuwarsa ne. Sannan ya juya ya daka wa yaransa tsawa, wai wane mara hankali ne ya jingine rodi a jikin itacen abinci, a kwashe a kai bakin ƙofar gaba.

Sumani ya yi kabbara, Mama Rifkatu ta rangaɗa guɗa irin ta Zazzau har direbobin kwantena suka leƙo. Maidaji dai ya ajiye murfin kwalin a hankali, ya zauna a ƙasa, ya jingina bayansa da kututturen, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Murmushi yake yi, irin wanda ba mu taɓa sanin yana da shi ba.

A can gaba aka kafa rumfar, ta ɗan matse hanyar shiga, direbobi suna ƙorafi har gobe. Da itacen ya sake ɗaukar 'ya'ya, sai ga Liang tun da safe da wata 'yar lanƙwasasshiyar wuƙa mai ƙotar gora, wadda ya ajiye tun zamanin gona. Ya ce abin kunya ne a taɓa itacen abinci da rezar salatif. Ya kawo tsaninsa ya kafa kusa da na Maidaji. Idan ka zagaya bayan siton a irin wannan lokacin, za ka same su a sama su biyu, ɗaya da Hausa ɗaya da Sinanci, suna gardama a kan zurfin tsaga.